Baƙuwar Da Ta Shekara Ashirin A Ɗakinta

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Mu dai ba mu tabbatar da gaskiyar wannan zance ba sai a daminar 2023, lokacin da al'amura suka nuna mana cewa matar da muka aura tun 2003, wadda ta haifa mana 'ya'ya shida, ta kuma yi jinyar mahaifiyarmu har Allah ya karɓi abinsa, baƙuwa ce a idon doka. Abin da ya ƙara ba mu kunya shi ne, sana'armu koyarwa ce, kuma darasin da muke koyarwa a makarantar sakandare shi ne labarin ƙasa. Ba mu san sau nawa muka ɗauki alli muka zana taswirar Nijeriya a allo ba, mu ja layin arewa tun daga ƙasar Sakkwato har tafkin Cadi, mu ce wa yara daga nan sai Jamhuriyar Nijar. Amma ko sau ɗaya bai taɓa faɗo mana a rai cewa wannan layi ya ratsa ta tsakar gidanmu ba.

Bari mu koma baya kaɗan, domin mai karatu ya san mafarin zancen. A shekarar 1984 aka yi farin nan da manya ba su manta da shi ba har yau. A watan Afrilu na shekarar kuma gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa saboda canjin kuɗi, hatsi ya daina tsallakawa arewa, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan lokaci suna El-Buhari. Muna da shekara shida a duniya wani mutum daga wani ƙauye na ƙasar Magarya ya yi sallama a ƙofar gidanmu da magariba, da jakuna biyu, da matarsa, da jaririya a goye. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, bai tambaye shi takarda ba. Ya sa aka share masa ɗakin da ke kusa da zaure, ya yanka masa gefen gona. Suka zauna da mu har aka buɗe iyaka a 1986, sa'an nan suka koma gida. Jaririyar nan a tsakar gidanmu ta koyi tafiya, kuma ita ce uwargidanmu a yau.

Zumuncin bai yanke ba, domin zumunta a ƙafa take. Duk kaka sai ya zo da awaki ya koma da dawa, mu ma mukan je. Da muka gama karatun difloma muka kama aiki, iyayen biyu suka yi shawara a tsakaninsu, muka ga yarinya, ita ma ta gan mu, aka sa rana. An ɗaura aure a ƙofar gidan limamin ƙauyensu, da waliyyi da wakili da sadaki da shaidu, aka raba goro da dabino, aka shafa fatiha. Motar da ta kawo amarya ta biyo ta Babban Mutum da Ɓaɓura, mata na guɗa, ma'aikatan bakin iyaka ma har da yi mana addu'a. Babu wanda ya rubuta komai, kuma babu wanda ya ga dalilin rubutawa.

A yankinmu na arewacin Kano, daga Ɗambatta zuwa Makoɗa da Kunci, ƙasa ba ta hutawa. Gona na jikin gona, gida na kallon gida, kowace shekara sai an kai taki a mangala an shuka gero da dawa da wake da gyaɗa a wuri guda. Saboda haka babu wanda zai koya mana darajar iyaka. Mun san gamba da lallen da ake dasawa tsakanin gonaki, mun ga 'yan'uwa ciki ɗaya sun gurfana gaban dagaci a kan taku biyu na ƙasa. Sai dai iyakar da muka sani ta amfanin gona ce, ba ta hana maƙwabci tsallakowa ya sha inuwar gawo, ko ya nemi auren 'yar maƙwabcinsa. Da wannan fahimta muka ɗauki iyakar ƙasa, alhali kuwa ita dabam take.

Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a kan takarda, suka yi ta gyara a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Daga 1906 zuwa 1908 wata tawaga a ƙarƙashin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila ta bi daji tana kafa alamomi 148 daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi. Layin, wanda tsawonsa ya kai kimanin kilomita 1,500, ya raba mutanen da harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, kasuwanninsu ɗaya. Har gobe sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake kiran sa, domin zuriyar sarakunan Katsina ne na kafin jihadi. Duk wannan muna koyar da shi a aji, yara su haddace su ci jarrabawa.

Abin da ba mu taɓa karantawa da idon basira ba shi ne dokar zama. An kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas a 1975, kuma a watan Mayu na 1979 shugabanninta suka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar zirga-zirga. Yarjejeniyar ta ce ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar yana iya shiga wata ba tare da biza ba, matuƙar yana da takardar tafiya, amma na kwana 90 kawai. Wanda zai wuce haka sai ya nemi izini, kuma a 1986 aka ƙara wani sashe da ya tanadi katin zama. Ranar da muka fahimci wannan sai da muka ɗauki biro muka yi lissafi. Shekara ashirin ta haura kwana 7,000. Uwargida ba ta da fasfo, ba ta da katin zama, ba ta da takardar haihuwa, auren ma babu shaidarsa a rubuce.

An taɓa yi mana gargaɗi, mu ne ba mu ji ba. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin tudu, ba a buɗe ba sai Disamba 2020. A lokacin mun ɗauka rigimar shinkafa ce, ta 'yan kasuwa da 'yan kwastan, tun da masu ziyara sun ci gaba da bin hanyoyin cikin gonaki. Amma ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai. Ranar 30 ga wata shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja suka ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki, rediyo kuma ba shi da zance sai na yiwuwar yaƙi.

Ana cikin wannan hali, a tsakiyar watan Agusta, muna tsaka da maimai, ƙanin uwargida ya bugo waya da dare. Da ta ajiye wayar sai ta zo ta durƙusa ta ce, "Malam, jikin Inna ne. Sun ce tun jiya sunana take kira."

Muka ce, "Ki yi haƙuri a ga yadda gari zai waye. Kin san halin da ake ciki, kuma ba ki da ko takarda ɗaya. In aka tsare ki a can ko a nan, me za mu nuna?"

Ta ce, "To, Malam."

Mun san 'yan acaɓa na ɗaukar mutane ta daji, kowa ya sani. Amma muka tsaya lissafi irin na ma'aikacin gwamnati: in aka kama mu fa, in aikinmu ya taɓu fa, in yaƙi ya ɓarke tana can fa. Kwana huɗu muna cewa gobe. A rana ta biyar da asuba aka sake bugowa, Inna ta cika. Hanyar da muka ƙi bi domin ta ga mahaifiyarta da rai, ita muka bi a kan babur, cikin taɓo, muka isa ranar sadakar uku. Matar da ta goyo ta zuwa gidanmu a shekarar yunwa, kabarinta kawai aka nuna mata. Har yau uwargida ba ta taɓa buɗe baki ta ɗora mana laifi ba. In zancen ya taso sai ta ce haka Allah ya rubuta. Da ta yi mana faɗa, da ya fi mana sauƙi.

An ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, aka buɗe iyaka a watan Maris. Da aka raba gado, rabonta ya zo da shanu, sai ta ce ba ta da burin da ya wuce ta je Makka ta sauke farali, ta yi wa iyayenta addu'a a can. Muka ɗauki alkawari a zuci cewa wannan karon ba za mu ce gobe ba, za mu haɗa abin da muka tara na adashi da na gyaɗa mu raka ta. A nan ne muka sake cin karo da layin nan. Hukumomin Saudiyya ƙasa-ƙasa suke raba kujerun aikin hajji, kimanin kujera dubu ga kowane Musulmi miliyan ɗaya, kuma maniyyaci da fasfo yake tafiya. Fasfon Nijeriya na 'yan Nijeriya ne, sai an kawo lambar shaidar ɗan ƙasa, da takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da takardar ƙaramar hukuma mai nuna asalin mutum. Ke nan in ba wani abu aka yi ba, mu mu tashi daga Kano, ita ta koma ta bi ayarin Nijar, kowa da masaukinsa, kamar ba mu taɓa sanin juna ba.

Muna tsaye a bakin wani ofishi a birni muna juya wannan magana, sai wani dillali, irin waɗanda ba a rasawa a gindin bishiyar kowace ma'aikata, ya matso ya ji damuwarmu. Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, wannan ai ba matsala ba ce. Hausa take ji ko Faransanci? A ƙauyenku ta yi rarrafe, wa zai ce ba a nan aka haife ta ba? Kawo hoto biyu da ɗan abin shan ruwa, a rubuta mata sunan wani dattijo na garinku da ya rasu, cikin mako guda an gama." Ba za mu ɓoye wa mai karatu ba, maganar ta shige mu. Mun san gidaje da dama da aka yi haka, kuma ga shi nan suna zaune lafiya. Muka dawo gida da murna kamar mun yi tsintuwa.

Bayan sallar lisha muka kwashe duka muka gaya mata. Ta yi shiru tana tsince wake a faifai, can ta ce, "Malam, a takardar wa za a ce ya haife ni?"

Muka ce suna ne kawai za a ara, kowa ya san gaskiya.

Ta ce, "Garin fa?"

Muka ce nan za a rubuta.

Ta ajiye faifan ta ce, "Ban samu ganin Inna ba, na haƙura. Yanzu kuma a goge Baba, a goge garinmu, in ɗauki takardar ƙarya in tafi da ita ɗakin Allah? In haka ne, Malam, a bar shanun su yi ta haihuwa."

Ita ko aji ɗaya na boko ba ta yi ba, allo kawai ta yi. Mu masu difloma muka rasa abin cewa. Washegari muka ari kundin tsarin mulki na 1999 daga ɗakin karatu na makaranta, muka buɗe babi na uku, wanda ya yi bayanin zama ɗan ƙasa, muka karanta shi kamar ɗalibin da jarrabawa ta matso.

Ga abin da muka samu, ko zai amfani wani. Sashe na 25 ya tabbatar da cewa 'ya'yanmu 'yan Nijeriya ne ta haihuwa, tun da ɗaya daga cikin iyayensu ɗan ƙasa ne. Sashe na 26 ya ba macen da ke auren ɗan Nijeriya, ko ta taɓa aurensa, damar zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista, in Shugaban Ƙasa ya gamsu cewa mai halin kirki ce, ta nuna niyyar zama a ƙasar, ta kuma yi rantsuwar biyayya. Ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ake nema. Sashe na 28 kuma bai tilasta mata ta yar da ƙasar da ta samu ta haihuwa ba, ita ma Nijar tun 2014 dokarta ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. Ashe akwai ƙofa ta halal, wadda ba sai an goge sunan kowa ba. Sai dai ba a shiga ta hannu rabbana. Dole a tabbatar da auren a rubuce, a kuma tabbatar da ko ita wace ce.

A nan ne muka ga illar sakacinmu. Limamin da ya ɗaura auren ya rasu, waliyyinta ya rasu, wakilinmu ya rasu. Cikin shaidun da aka ambata a ranar, mutum biyu suka rage, ɗaya idonsa ya tafi. Sai da muka ɗauko su a mota zuwa kotun shari'a suka ba da shaida, kafin muka samu takardar auren da ya shekara ashirin da ɗaya. Sa'an nan muka tsallaka Magarya, wannan karon ta bakin hanya, inda dattawan ƙauyensu suka shaida haihuwarta a gaban alƙali, aka ba ta takarda, da ita ta yanki katin shaida na ƙasarta. Ranar da ta karɓi katin, da sunan mahaifinta da na mahaifiyarta da na ƙauyensu, ta sa babbar 'yarmu ta karanta mata shi har sau uku.

Cikin wannan bincike muka gano cewa ƙofar da aka buɗe wa uwargida an rufe ta ga wasu. Muna da ƙanwa da ke aure a Kano, mijinta tela ne mutumin Matamaye. Sashe na 26 mace kawai ya ambata, bai san da mijin 'yar Nijeriya ba. Shi sai dai ya bi sashe na 27, wanda ke neman zaman shekara 15 da wasu sharuɗɗa masu nauyi, har da shaidar gwamnan jiha. A watan Maris na 2022 aka kai ƙudurin gyara wannan bambanci gaban Majalisar Tarayya, bai samu ƙuri'un da ake buƙata ba. Nijar kuwa, a gyaran nan na 2014, ta ba matanta ikon su ba mazajensu baƙi ƙasa. Wani abin dariya kuma, mun ji akwai ƙungiyar matan waje da ke auren 'yan Nijeriya mai suna Nigerwives, muka yi tsammanin ta matan Nijar ce, ashe yawancinsu daga Turai da Amurka da Asiya da tsibiran Karebiyan suka zo. Ainihin matan Nijar, waɗanda suka cika gidaje daga Illela har Maigatari, mafi yawansu ba su san suna da wani matsayi da ake nema ba.

Kada mai karatu ya ce ai tun da ana zaune lafiya, a bar kaza cikin gashinta. A watan Janairu na 1980 aka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Dokokin Jihar Borno, aka kai shi Cadi bisa zargin cewa mahaifinsa ba ɗan Nijeriya ba ne, sai da kotu ta dawo masa da haƙƙinsa. A Janairun 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, mutane fiye da miliyan ɗaya suka kama hanya, cikinsu har da 'yan Nijar masu yawa, aka kuma maimaita a 1985. In asalin shugaban majalisa ya zama abin tono ranar da siyasa ta juya, ina ga matar malamin ƙauye mai takardar aro? Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma 'ya'ya ne ke faɗawa ciki.

Ba mu kaɗai ba ne a duniya. Wani tsohon ɗalibinmu da ke zaune a Ingila ya shaida mana cewa tun watan Afrilu na 2024, ɗan ƙasar ko mai izinin zama na dindindin da ke son kawo matarsa daga waje sai ya nuna yana samun fam 29,000 a shekara, alhali a da 18,600 ne, matar kuma sai ta ci jarrabawar Turanci. Can kuɗi ne ke raba miji da mata, nan kuwa jahilcin doka da sakaci. Ko'ina dai hukuma ba ta ganin aure sai ta ga takarda.

Ga shi kuma ƙasa ta sake motsawa a ƙarƙashinmu. Ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. A ranar, ƙungiyar ta ba da sanarwar cewa 'yan waɗannan ƙasashe za su ci gaba da shiga da zama ba tare da biza ba har sai an yanke wata shawara. Ma'ana, abin da yake haƙƙi a ƙarƙashin yarjejeniyar 1979 ya koma alfarma, alfarma kuwa mai ita yana iya janye ta. Kuɗin kujerar hajji ma a 2025 ya haura naira miliyan takwas, saboda haka tafiyar tamu ta ƙara nisa ta fuska biyu.

Takardunmu dai sun shiga, muna jira, kuma mun koyi cewa irin wannan jira ba na mako ba ne, ba na wata ba. Kwafinsu na cikin akwatin ƙarfe tare da takardun gona. Shawararmu ga duk wanda ya auro daga tsallake, ko ya aurar da 'yarsa can, ita ce ya nemi takardar aure tun shaidu na da rai, ya sa a yi wa matar katin ƙasarta da sunan iyayenta na gaskiya, ya yi wa 'ya'ya rajistar haihuwa, ya kuma nemi izinin zama tun ba a tambaye shi ba. Wannan bai rage wa auren sunna komai ba. In kuma aka bugo waya da dare aka ce jikin tsohuwa ya yi zafi, kada ya tsaya lissafi irin namu.

Shanun uwargida suna can wurin ƙaninta, ɗaya ta haihu a bazarar da ta wuce. Jiya da yamma muka tarar da ita a bayan gida tana ba tumaki harawa, muka ce mata har yanzu shiru. Ta ce, "Malam, wanda ya kira Inna shi zai kira mu, in da rabo za mu je." Allah ya jiƙan magabatanmu na nan da na can, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya sa muna da rabon zuwa tare, amin.